Daren Karrama Chuck Berry da Direban da Aka Tono

A watan Oktoba na 1986 Keith Richards, makaɗin jita na ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila, ya sauka birnin St. Louis da ke jihar Misuri ta Amurka domin ya shirya wa wani dattijo bikin cika shekara 60. Dattijon nan kuwa, shekara biyar kafin haka, ya dunƙule hannu ya kai wa Keith naushi a ido, wai don ya same shi yana taɓa masa jita. Tun kafin naushin ma, a 1972, ya taɓa korar sa daga kan dandamali a Los Angeles a gaban jama'a, ya ce kiɗansa ya cika ƙara. Duk da haka Keith ya zo da ƙafarsa, ya tara makaɗa, ya ɗauki wahalar shirin a kansa.

Sunan dattijon Chuck Berry. A Tambuwal da Kebbe ba kowa ya san shi ba, kuma ba laifi ba ne. Wanda ya tashi da kotson Narambaɗa da na Ɗanƙwairo a kunne bai rasa abin sauraro ba. Amma da wuya a sami yaron da ya rataya jita mai lantarki, daga Landan har Agadas, wanda bai ɗebi wani abu daga hannun mutumin nan ba, ko ya sani ko bai sani ba. A 1977, da Amurka za ta harba kumbuna biyu masu suna Voyager zuwa can bayan duniyoyin da ke kewaya rana, an maƙala wa kowannensu faifai mai ruwan zinariya ɗauke da muryoyi da kaɗe-kaɗen 'yan Adam. Waƙar rok-an-rol guda ɗaya tak aka sa a ciki, kuma ta Chuck Berry ce, "Johnny B. Goode".

An haife shi ran 18 ga Oktoba 1926 a wata unguwar baƙar fata masu rufin asiri a St. Louis. Mahaifinsa kafinta ne kuma dattijon coci, mahaifiyarsa ta yi karatun koyarwa. Garin a lokacin a rabe yake: makarantar Bature daban, ta baƙi daban, haka asibiti, haka wurin cin abinci. A tsakiyar birnin akwai tsohuwar kotu wadda aka riƙa gwanjon bayi a kan matakalarta. A nan ne bawan nan Dred Scott ya shigar da ƙarar neman 'yanci a 1846, shari'ar da ta ƙare a 1857 da hukuncin Kotun Ƙoli cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Akwai kuma wani katafaren gidan kallo, Fox Theatre, da aka buɗe a 1929, mai cin mutum fiye da 4,000. Berry yana yaro ya je tagar sayar da tikitinsa da kuɗinsa a hannu yana son ganin fim, aka ce masa ba a sayar wa irinsa. Ya juya ya tafi gida, amma bai manta ba.

Ba waliyyi ba ne, kuma gara a faɗi wannan tun da wuri. A 1944 shi da abokansa biyu suka yi fashi a Kansas City, aka yanke masa shekara 10, aka sake shi a 1947 ranar da ya cika 21. Ya yi aure a 1948, ya yi aiki a kamfanin haɗa motoci, ya yi shara da gadi, ya koyi gyaran gashi. Da dare kuma yana kaɗa jita a ƙananan wuraren shaƙatawa domin ƙarin kuɗin cefane.

Akwai wani mutum a garin wanda ya girme shi da shekara biyu, Johnnie Johnson, haifaffen Fairmont a jihar West Virginia. Shi da kunne ya koyi piyano tun yana ƙaramin yaro. Yana cikin baƙar fata na farko da rundunar Marines ta Amurka ta yarda ta ɗauka a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya iso St. Louis a 1952, yana aikin ƙarfe da rana, da dare yana jagorantar 'yar ƙungiyarsa ta mutum uku, Sir John Trio, a wani kulob mai suna Cosmopolitan da ke tsallaken kogin Misisipi. Ran 31 ga Disamba 1952, daren shiga sabuwar shekara, mai busa masa saksafon, Alvin Bennett, ya kamu da shanyewar jiki. Dare ne da duk wani makaɗi mai suna ya riga ya karɓi gayyar wani wuri. Johnson ya tuna da wani saurayi da bai daɗe da fara kiɗa a bainar jama'a ba, wanda saboda haka mai yiwuwa yana gida. Ya kira Chuck Berry ya cike gurbin dare ɗaya, ya biya shi dala 4.

Daren ɗaya ya zama kusan shekara 20. Berry ya zo da abin da mutanen Cosmopolitan ba su saba gani ba: baƙar fata yana rera waƙoƙin Turawan ƙauye, yana furta kowace kalma tsaf, yana barkwanci, yana rawa da jita. Da farko dariya aka yi masa, daga baya aka shiga neman ya maimaita, har Turawa suka fara leƙowa. Sannu a hankali ƙungiyar ta koma amsa sunansa. Johnson bai yi gardama ba. Shi mutum ne mai sanyin hali, mai son kiɗansa da kwalbarsa, ya kuma ga cewa yaron ya fi shi zafin nema.

A watan Mayu na 1955 Berry ya je Shikago, ya kutsa cikin taro ya gaida gwaninsa Muddy Waters, ya tambaye shi inda ake buga faifai. Muddy ya tura shi wurin Leonard Chess, mai kamfanin faifan Chess. Ran 21 ga watan aka ɗauki "Maybellene", Johnson yana kan piyano. Faifan ya sayu fiye da miliyan ɗaya. Sai da takardun kuɗi suka zo Berry ya ga cewa waƙar da ya rubuta mutum uku ne suka mallake ta: shi, da Alan Freed, mai gabatar da shiri a rediyo wanda aka ba kaso don ya yi ta sa faifan, da Russ Fratto, wani abokin hulɗar Chess. Ba ɗaya daga cikin biyun nan da ya sa ko wasali a waƙar. Shekara 31 Berry ya yi kafin haƙƙin mallakarta ya dawo hannunsa shi kaɗai, a 1986 ɗin nan da muke magana.

Wannan cuta ita ta ƙera sauran rayuwarsa. Ya ɗauki darasi guda, ya riƙe shi har kabari: kada ka kaɗa ko tsirkiya ɗaya sai kuɗi sun shiga aljihu.

Daga 1955 zuwa 1959 waƙoƙi suka yi ta zuba, "Roll Over Beethoven", "School Days", "Rock and Roll Music", "Sweet Little Sixteen", "Carol", duk a kan motoci da makaranta da soyayyar 'yan samari, abubuwan da ɗan Bature da ɗan baƙi suke tarayya a kai. Sai kuma ya sake faɗawa hannun hukuma. A Disamba 1959 aka kama shi da laifin tsallako da yarinya 'yar shekara 14 daga wata jiha zuwa kulob ɗinsa. An soke hukuncin farko saboda kalaman wariyar launi da alƙalin ya riƙa yi a zaman kotu, aka sake shari'a, aka sake samun sa da laifi. Dukkan biyun gaskiya ne: alƙalin farko mai wariya ne, yarinyar kuma ƙarama ce. Ya zauna kurkuku daga Fabrairu 1962 zuwa Oktoba 1963.

Yana cikin wannan tasku abin mamaki yana faruwa a tsallaken teku. Ran 17 ga Oktoba 1961, a tashar jirgin ƙasa ta Dartford kusa da Landan, wani ɗalibi ɗan shekara 17 ya hangi tsohon abokin firamarensa riƙe da faifai biyu da ya yi odar su daga Shikago, ɗaya na Muddy Waters, ɗaya na Chuck Berry. Ɗalibin shi ne Keith Richards, mai faifan kuma Mick Jagger. Hirar da suka yi a cikin jirgi ita ta haifi Rolling Stones, kuma faifansu na farko, a Yuni 1963, waƙar Berry ce, "Come On". Beatles ma suka rera nasa. Beach Boys na Amurka suka ɗauki karin "Sweet Little Sixteen" suka ɗora wasu kalmomi, sai da aka yi musu barazanar kotu sunansa ya hau faifan. Ya fito daga kurkuku ya tarar yaran Turawa sun yi arziki da salonsa, suna cika filayen da shi bai taɓa cikawa ba.

Waɗanda suka san shi sun ce mutumin da ya fito ba shi ne wanda ya shiga ba. Ya daina yarda da kowa. A hankali ya daina yawo da ƙungiya. Zuwa 1973 shi da Johnson sun rabu. Tsarinsa ya koma haka: ya hau jirgi shi kaɗai da jita da 'yar jaka, ya yi hayar mota ya tuƙa kansa, mai gayya ya tanadi makaɗan gari ko su wane ne, a biya shi tsaba kafin ya taka dandamali. Bruce Springsteen, wanda daga baya ya zama babban tauraro, ya ba da labarin yadda ƙungiyarsa ta yi masa kiɗa a 1973: mutumin ya iso saura 'yan mintuna, ya wuce ofishin mai gayya tukuna, da suka tambaye shi waɗanne waƙoƙi za a yi, ya ce waƙoƙin Chuck Berry, ya fara kaɗawa ba tare da ya gaya musu komai ba. Son tsabar kuɗin nan ya sake kai shi kurkuku a 1979, wata huɗu, kan ƙin biyan haraji, a shekarar da ya yi wasa a fadar White House gaban Shugaba Jimmy Carter.

Wasan nan da makaɗan gari ne ya dami Keith. Ya gaji da ganin gwaninsa yana wasa da jita marar saiti, a bayansa yaran da ba su taɓa gwaji da shi ba. A Janairu 1986, da aka fara shigar da mutane zauren karrama gwanayen rok-an-rol, Berry yana cikin rukunin farko, Keith ne ya gabatar da shi, ya kuma amsa a gaban taro cewa babu wani salon jita na mutumin da bai sata ba. Da aka zo da maganar a yi bikin shekara 60, darakta Taylor Hackford ya ɗauke shi fim, Keith ya karɓi jagorancin makaɗa. Burinsa, ko sau ɗaya, a ji Chuck Berry da ƙungiyar da ta dace da shi.

To, wa zai zauna kan piyano?

A nan wani mutum daban ya shigo, duk da cewa ya riga ya rasu. Ian Stewart yana cikin waɗanda suka kafa Rolling Stones, shi ne mai piyanonsu. A 1963 manajansu ya cire shi daga jerin 'yan ƙungiya, wai siffarsa ba ta yi daidai da hoton da ake so ba, kuma mutum shida sun yi yawa. Stewart ya haɗiye abin, ya zauna yana tuƙa musu mota, yana ɗaukar kaya, yana kaɗa musu piyano a gefe, shekara 22, har ya rasu a Disamba 1985. Keith ya ce cikin maganganun ƙarshe da Stewart ya yi masa har da cewa kada ya manta Johnnie Johnson yana raye a St. Louis. Ba abin mamaki ba ne a ce mai piyanon da aka tura gefe shi ya riƙe sunan ɗan'uwansa a zuci lokacin da duniya ta manta.

Aka nema, aka same shi. Johnson, mai shekara 62, yana tuƙa motar ɗaukar tsofaffi a cikin gari, giya ta ci ƙarfinsa, yana ɗan taɓa kiɗa a ƙananan wurare in an kira shi. Keith ya tambayi Berry ko zai yarda a dawo da shi, ya yarda.

Gwajin da aka yi a gidan gonar Berry da ke Wentzville, wajen gari, shi ne abin da masu kallon fim ɗin suka fi tunawa. Ana kaɗa "Carol", waƙar da Keith ya buga a faifai tun 1964, ya kuma kaɗa ta a gaban dubban mutane. Berry ya tsayar da kiɗa, ya ce ba haka ake lanƙwasa tsirkiyar a farkon ba. Keith ya sake. Ya sake tsayarwa. Ya sake, ya sake tsayarwa. Kyamara tana kan fuskar Keith, ana ganin haƙoransa a cije, mutumin da a ƙungiyarsa ba mai ɗaga masa murya. Ya haƙura ya yi ta maimaitawa har ya dace. Ni a ganina dattijon yana da gaskiya a kan tsirkiyar, amma ba tsirkiyar ce ta dame shi ba. So yake kowa a ɗakin ya san mai waƙa, bayan shekara 20 yana kallon almajirai sun fi malami kuɗi. Rigima ta sake tashi kan akwatin ƙara sautinsa, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa masa saiti. Keith ya ce daga baya dabara suka yi: suka jona wani akwatin a ɓoye a ƙarƙashin dandamali, wanda daga shi ake ɗaukar sautin fim.

Masu shirya fim ɗin ma sun sha nasu. Biki nasa ne, fim a kansa ne, amma mai shirya shi, Stephanie Bennett, ta ba da labarin yadda aka riƙa kai masa tsabar kuɗi a jakar takarda kafin ya yarda ya fito gaban kyamara. Ana tsakiyar gwaji kuma ya tsallake ya tafi wani wasa a jihar Ohio don kada kuɗin ya wuce shi, ya dawo murya a dushe. Daga baya sai da aka sake ɗaukar muryarsa a sutudiyo aka ɗora a fim, ya kuma karɓi ladan wannan ma. Akwai wurin da aka zaunar da shi da mawaƙa 'yan'uwansa Little Richard da Bo Diddley a gefen piyano suna lissafin yadda kamfanonin faifai suka cinye su, Little Richard yana faɗin rabin kwabon Amurka da ake ba shi a kan kowane faifai. Wanda ya ga wannan zama zai rage jin haushin jakar takarda.

Ran 16 ga Oktoba 1986, kwana biyu kafin ranar haihuwar, aka yi wasa biyu a jere. Wurin da aka zaɓa shi ne Fox Theatre, gidan da ya hana shi tikiti. Eric Clapton ya zo daga Ingila. Etta James, wadda ta taɓa yi masa amshi a faifan Chess tana budurwa, ta rera "Rock and Roll Music" har gidan ya ɗauka. Linda Ronstadt ta yi "Back in the U.S.A.", Robert Cray ya yi "Brown Eyed Handsome Man". Julian Lennon ya tsaya a gurbin mahaifinsa John na Beatles, wanda aka harbe a 1980 kuma yana cikin manyan masoyan Berry. Dattijon da kansa ya yi tafiyar agwagwarsa da aka san shi da ita, ya durƙusa da ƙafa ɗaya yana tsallen-tsallen ratsa dandamali, jita a gaba, yana dab da cika shekara 60. Halinsa kuma bai bar shi ba: ana tsakiyar waƙa ya matso kunnen Keith yana so a sauya matakin sautin da aka kwana ana gwadawa. Keith ya girgiza kai, ya ci gaba da kiɗansa. A wannan karon almajiri ya ƙi. A ƙarshe aka shigo da Berry kan dandamali cikin jar motarsa Cadillac marar rufi. Motar yanzu tana gidan tarihin baƙar fatar Amurka da ke Washington.

In da a nan labarin ya tsaya, da ya zama na yaron da aka kora daga ƙofa ya dawo ta cikinta a mota. Amma a kwanakin gwajin Keith ya lura da wani abu da ya shekara 25 yana kaɗawa bai gane ba.

Kowane abin kiɗa yana da matakin sautin da hannu ya fi sakewa a kai. Mai jita in zai ƙirƙiri kari shi kaɗai, yakan zaɓi matakan da tsirkiyoyinsa suke amsawa a sake ba sai an danne su ba. Waƙoƙin Berry da yawa ba a nan suke zaune ba; suna kan matakan da suka fi yi wa mai piyano da masu busa daɗi. Keith yana tsaye yana kallon hannun Johnson na hagu yana tafiya a kan piyano, sai ya ga ainihin abin da shi yake yi da yatsunsa a jita, abin da duniya ke kira salon Chuck Berry. Ya faɗi a cikin fim ɗin, ba a bayan fage ba, cewa a ganinsa kiɗan daga piyanon Johnson aka ɗauko shi aka mayar kan jita. Da aka tambayi Johnson, ya ce shi dai Berry yakan zo da kalmomi, su zauna tare su nemo kiɗan da zai hau. Bai taɓa ɗauka wannan rubuta waƙa ba ne. Shi a saninsa mai kalmomi shi ne mai waƙa, sauran kuwa a biya su kuɗin zama su tafi.

A yi wa Berry adalci. Kalmomin nasa ne, Johnson bai taɓa cewa ya rubuta ko layi ɗaya ba, kuma kalmomin su ne rabin abin da ya sa waƙoƙin suka rayu. Berry bai ɓoye cewa ya koyi jita daga sauraron T-Bone Walker da Charlie Christian da Carl Hogan na ƙungiyar Louis Jordan ba, su kuwa da masu busa suke kiɗa, a kan waɗannan matakan dai. Akwai ma waƙoƙinsa da wani mai piyanon daban ya kaɗa a faifai. Saboda haka hujjar Keith ba ta yanke magana ba. Amma ko an rage ta da rabi, abin da ya saura ya isa a ce mutumin da ya yi shekara 31 yana neman a cire sunayen ƙarya daga waƙarsa bai taɓa tunanin ƙara suna na gaskiya a kan ko guda ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. A kiɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi, waƙa ba ta bakin mutum ɗaya take fitowa ba. Shugaba ya ɗora, 'yan karɓi su karɓa, su yi ƙari, wani lokaci su ƙarasa masa ɗan waƙar da ya fara; makaɗa kuma su ne ke riƙe da karin da jiki ke amsawa tun kafin a fahimci magana. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi rubutu a kan wannan tsari. Musa Ɗanƙwairo da kansa ya daɗe yana Daudun Kiɗa a ƙungiyar yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa. Da bai ja tasa ba, da yau mutum nawa za su san sunansa? A tsaya a tashar motar Tambuwal a tambayi direbobin Jega ko na Sakkwato waƙar da ke tashi a rediyonsu, nan take za su ce ta Salihu Jankiɗi ce, ko ta Sani Aliyu Ɗandawo, ko ta Shata. A ce su faɗi wanda ke riƙe da taushi ko kalangu a cikinta, sai a ji shiru, in ba wanda mawaƙin ya ambata da bakinsa a cikin waƙa ba. Bambancinmu da Amurka shi ne a can akwai takarda, takardar kuma tana haifar da kuɗi duk shekara har ga jikoki.

Fim ɗin ya fito a 1987 da sunan "Hail! Hail! Rock 'n' Roll", ya kuma sauya rayuwar Johnson fiye da ta wanda aka yi bikin dominsa. Ya ajiye tuƙi. A shekarar ya ɗauki faifai na farko da sunansa, yana da shekara 63. Keith ya sa shi a faifansa na 1988, Clapton ya gayyace shi wasa a Landan, su biyun kuma suka taya shi a faifansa na 1991. Ya bar giya. Ya zaga ƙasashe, yara masu jita suna layi su gaishe shi.

A Nuwamba 2000 ya shigar da Berry ƙara, yana neman a sa sunansa a kan waƙoƙi fiye da 50. Lauyoyinsa suka ce shaye-shaye da rashin sanin doka ne suka hana shi neman haƙƙinsa da wuri. A 2002 alƙali ya kori ƙarar. Bai ce Johnson ya yi ƙarya ba, bai ce ya faɗi gaskiya ba. Ya ce lokacin da doka ta ba da na kawo irin wannan ƙara ya daɗe da wucewa. Ana cikin shari'ar, a 2001, aka shigar da Johnson zauren gwanayen rok-an-rol a rukunin makaɗan rakiya, kuma Keith ne ya gabatar da shi, kamar yadda ya gabatar da Berry shekara 15 kafin nan.

Johnson ya rasu ran 13 ga Afrilu 2005 yana da shekara 80, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Jefferson Barracks a St. Louis. Berry ya ci gaba da wasa sau ɗaya a wata a wani ƙaramin kulob na garin, Blueberry Hill, daga 1996 zuwa 2014, fiye da sau 200. Ya rasu ran 18 ga Maris 2017 yana da shekara 90. Waƙoƙin da aka yi shari'a a kansu har yau sunansa kaɗai suke ɗauke da shi.

Masu shirye-shiryen kiɗan gargajiya a gidajen rediyon Sakkwato da Birnin Kabi, da samarin da ke ɗaukar bidiyo da waya a bukukuwan Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe: tsofaffin da suka yi wa manyan makaɗanmu karɓi da kiɗa ba su ƙare ba tukuna, wasunsu suna ƙauyuka suna noma. A neme su, a zaunar da su, a tambaye su wa ya kaɗa me a wace waƙa, a rubuta sunayen.